Kafin ka sa hannu a takardar gidan nan

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da uwar yara da amaryata da abokin faɗana. Mu nan Kano lafiya lau, sai zafi da rashin wuta.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku, sai na ga wannan magana ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauko biro. Ka ce kun ga gida a Naperville, wani gari a bayan birnin Shikago na Amurka, makarantar unguwar ta kusa cike goma a ma'aunin GreatSchools, shafin intanet ɗin nan da ke ba makarantu lamba daga ɗaya zuwa goma, ta unguwarku Rogers Park kuwa ko rabi ba ta kai ba, don haka kana son ku bar cikin Shikago kafin a koma makaranta. Ban ga laifinka ba. A can adireshin gida ne ke zaɓa wa yaro makarantar gwamnati, kuma kaso mafi girma na harajin gida a jihar Ilinoi makarantu yake tafiya. Unguwar da gidajenta ke da tsada, makarantarta ba ta kukan kuɗi. Wannan gaskiya ne.

Amma ka bar ni in yi maka magana irin ta wanda ya shekara talatin da alli a hannu. Lokacin da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, jarrabawa aka riƙa yi ana tsamo yaran da suka fi kowa ƙwaƙwalwa. Sakamako ya yi ta kyau, kowa na yabo, kuma sun cancanci yabon. Sai dai mu da aka bar wa ragowar yaran mun san cewa rabin aikin tun a bakin ƙofa aka gama shi. Lambar nan da ke ruɗa ka haka take. Yawancinta daga makin jarrabawa ake haɗa ta, maki kuma yana bin aljihun iyaye da karatunsu. Makarantar da ta karɓi yaron da ya sauka daga Kwango ko Afganistan jiya, bai iya ko gaisuwa da Turanci ba, ta sa ya fara karatu cikin shekara guda, ta yi aikin da lambar ba ta iya gani sosai.

Na ga wannan da idona a wata huɗun da na yi wurinku. Ni ke raka amaryata da safe, tafiyar minti goma, ina sanye da babbar rigar sanyinka har ƙasa tana yi mini dariya. Matar da ke tsallakar da yara titi ta san sunanta, ta san na ƙanenta da bai ma fara zuwa ba. Ranar da ta ɗauki azumin rabin yini, malamarsu ba ta tsaya tambayar mene ne Ramadan ba, laburare ta tura ta tare da wasu yara huɗu har aka gama cin abincin rana. Ka tambayi kanka ko a sabon wurin za ta samu abokan zaman laburaren.

Ba ina wanke makarantun cikin gari ba ne. A 2013 an rufe kusan hamsin a lokaci guda, akasari a kudanci da yammacin birnin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. A 2019 malamai sun yi yajin aikin da ya cinye ranakun karatu 11, kai da kanka ka kira ni kana ƙorafin rashin inda za ku ajiye yara. Firamaren ba ta dame ni ba, sakandare ce abin tunani. Akwai irin su Whitney Young, inda matar Obama ta yi karatu, da Walter Payton da Lane Tech, waɗanda ke gogayya da kowace makarantar bayan gari. To amma da jarrabawa da sakamakon aji bakwai ake shiga, gurbi kaɗan, masu nema jingim, kuma sai mazaunin birnin. Amaryata tana aji uku. Kana da shekaru a gaba da za ka ga inda ƙwaƙwalwarta ta dosa kafin ka yanke hukunci.

Yanzu ka ɗauko takarda mu yi lissafi. Daga Naperville zuwa tsakiyar birni kusan kilomita 50 ne. Ko jirgin ƙasa na Metra ka bi, ka haɗa da zuwa tasha da jira da dawowa, awa biyu sun tafi kullum, wataran fiye. Da hunturu, da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, za ka fita yara na barci ka dawo sun yi hamma. Wa zai duba musu aikin gida? Wa zai biya musu karatun allo? Uwar yara ba ta fara tuƙi ba, a can kuwa ko burodi sai da mota, ga ta saba taka ƙafa zuwa titin Devon ta sayo naman halal. Mota ta biyu ke nan, da inshorarta. Ka kuma nemi takardar harajin gidan ta bara ka gani da idonka, kada ka tsaya kan abin da dillali ya faɗa.

In har zama a cikin garin ya ishe ku, me ya hana ka duba Skokie ko Morton Grove? Garuruwa ne da ke kusa da ku, makarantunsu na gundumar kansu ne, akwai Musulmi da masallatai, jirgin cikin gari ma yana kaiwa Skokie. Ni da can zan fara leƙawa.

Duk inda ka nufa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ɗauki hutun yini guda, ku je da uwar yara ranar da ake karatu. Ka tambayi shugaban makaranta yara nawa ne a aji, malamai nawa suka bar aiki bara, da abin da suke yi wa yaron da ya fi ajinsa ko wanda aka bari a baya. Ka leƙa banɗakin yara. Sannan ku tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, ku ga yadda suke fitowa.

Shawarar da abokinka ya ba ka, ta ku zauna inda kuke ku rubuta adireshinsa don a ɗauki yara a makarantar unguwarsa, ka watsar da ita. Gundumomi na bincike, suna sa a biya kuɗin makaranta na baya, kuma a 2011 wata uwa a Ohayo ta yi kwanaki a gidan yari kan haka. Kai da ke jiran takardun zama ɗan ƙasa, ba ka da abin yin wasa da wannan.

Ka yi istihara, ka kuma saurari uwar yara da kyau, don ita za ta wuni a gidan. Hajiya ta ce kuka da daddawa na nan a ƙulle, sai an samu mai tafiya. Ka turo mini hoton takardar harajin in ka samu, ina son in ga lissafin da kaina.

Mahaifinka.