Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: a damƙa wa ɗalibai kuɗi su koyi riƙonsu

Mai girma Minista,

Gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani tsohon ɗalibina da ya zo wurina kwanakin baya, idanunsa sun yi zuru-zuru. Yaron nan bai taɓa faɗuwa jarrabawata ba, ni na koya masa lissafin kashi cikin ɗari. Amma da wata manhajar rance ta waya ta ce masa ruwanta kashi 10 ne kacal a wata, sai ya ga abin da sauƙi ya karɓa. Bai tsaya ya duba cewa idan ruwa na hawa kan ruwa, bashin zai ninka fiye da sau uku kafin shekara ta zagayo ba. Lissafin yana kansa, sai dai ba mu taɓa sa shi ya gwada shi a kan kuɗin aljihunsa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Ba shi kaɗai ba ne. A binciken da kamfanin Standard & Poor's ya ɗauki nauyi a 2014, an yi wa manya fiye da 150,000 a ƙasashe sama da 140 tambayoyi kan kuɗin ruwa, hauhawar farashi da hatsarin zuba jari wuri guda. Mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya tsallake.

Tsorona shi ne ma'aikatarka ta ji wannan kuka ta amsa shi da sabon littafi da sabuwar jarrabawa. An gwada haka a wurare da yawa. A 2014 ɗin dai, wasu masana uku sun tattara nazarce-nazarce 201 kan koyar da ilimin kuɗi, suka gano cewa tasirin darasin a halayyar mutum kaɗan ne, kuma yana dusashewa, bayan kamar wata ashirin kusan babu abin da ke saura. Mu da ke riƙe da alli ba mu yi mamaki ba. Abin da yaro ya haddace don jarrabawa, a zauren jarrabawar yake barinsa.

Roƙona shi ne a bar yara su taɓa kuɗi na gaske. Hanyar ba sabuwa ba ce. Ƙungiyar Junior Achievement, wadda aka kafa a Amurka a 1919, ta daɗe tana sa ɗalibai su kafa ƙaramin kamfani, su tara jari, su yi kaya su sayar, a ƙarshe su rufe littafi su raba abin da aka samu. Kowane aji na manyan sakandare zai iya yin irin wannan da ɗan jari kaɗan a zango guda. Su zaɓi ma'aji da mai rubuta shiga da fita, su yi muhawara kan farashi, duk ƙarshen wata ma'aji ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya faɗi inda kowane kwabo ya tafi. Za a yi asara, kuma don Allah kada a hukunta kowa a kanta. Yarinyar da ta ba ƙawayenta kaya bashi har uwar kuɗi ta narke ta fahimci bambancin ciniki da riba fiye da yadda zan iya rubuta mata a allo.

Malami shi kaɗai ba zai iya wannan aiki ba. Muna bukatar 'yar kasuwar da ta shekara ashirin tana juya jari ta zo ta buɗe wa yara littafinta, da sakataren ƙungiyar gama-kai, da ma'aikacin banki da zai zauna da su su karanta takardar rance layi-layi, har ƙananan rubutun da ke ƙasa. A gayyato iyaye ma.

Sai dai a nan ne nake so ka sa ido sosai, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A Burazil, masu bincike na Bankin Duniya sun bi diddigin wani shiri a makarantun sakandare kusan 900 cikin jihohi shida tsakanin 2010 da 2011. Ɗalibai sun ƙara tanadi da tsara kashe kuɗi, har abin ya shafi iyayensu, amma kuma sun ƙara cin bashi mai tsada don sayen kaya. Yaron da ya saba da harkar kuɗi yakan daina jin tsoronta. To ina ga an bar mai neman kwastoma ya riƙe darasin? Shi ya sa ƙa'ida za ta fito daga ofishinka tun kafin a buɗe wa kowa ƙofa: babu talla a aji, babu karɓar lambar wayar ɗalibi, babu buɗe asusu sai da yardar iyaye. Iyalan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa kuma a nuna wa 'ya'yansu hanyoyin ajiya da jari da suka dace da su.

A fara da horar da mu malamai, don da yawanmu ba a taɓa koya mana wannan ba. Wajen auna nasara kuwa, a bar maki a gefe, a koma wurin yaran bayan shekara biyu a ga wa ke ajiya, wa ke karanta sharuɗɗa kafin ya sa hannu.

Ranka ya daɗe, ka zaɓi makarantu kaɗan na birni da na karkara a gwada a zangon karatu mai zuwa. Idan ana neman ajin da za a fara da shi, ga nawa.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin lissafi