Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwa.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na azumi da aka ɗage.

Abin da za mu ɗaga kai mu nuna bana shi ne taron 29 ga Oktoba, Ranar Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya, da muka yi a Gwale. Zauren ya cika maƙil, har mata suka shimfiɗa tabarmi a waje. Likitan ƙwaƙwalwar da muka gayyata ya zo da na'urar sikanin jijiyoyin wuya, kuma ko kwabo bai karɓa ba, Allah Ya saka masa da alheri. Ya sa kowa ya ɗora yatsu a gefen wuyansa ya ji bugun jini, ya ce waɗannan jijiyoyin biyu su ne manyan hanyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Kitse kan daskare a bangonsu kamar maiƙo a bututun ruwa, in ɓarɓashinsa ya ɓalle ya haura, sai ɓarin jiki ya shanye.

Inda zaure ya yi tsit shi ne bambancin maza da mata. Namiji ya fi samun wannan toshewar, tun da sauran shekarunsa, kuma kitsen nasa ya fi saurin fashewa. Mace tana da 'yar kariya har al'ada ta ɗauke mata, daga nan sai haɗarin ya hau. Ga nata na daban: hawan jini da jijjiga lokacin ciki, da wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ga mai ciwon ɓarin kai. Wata Hajiya daga Fagge ta ce idonta ɗaya ya taɓa rufewa kamar an saki labule, bayan 'yan mintuna ya buɗe, a gida aka ce iska ce. Likita ya ce gargaɗi ne, ranar ya kamata a kai ta asibiti. Ga mai irin wannan alamar da toshewarsa ta kai kashi 70 cikin 100, tiyatar cire kitsen ta fi amfani cikin mako 2 da bayyanar alamar, kuma in an yi jinkiri amfanin ya fi saurin raguwa ga mace. Ya tuna mana binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Ghana, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ke cikinsa, da ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar a wurinmu.

To, a nan zan faɗi abin da ke raina. Maza aka ce sun fi toshewar, amma layin sikanin kusan duk mata ne. Alhazanmu na Kantin Kwari da Singa suka ce ranar kasuwa ce. Wace rana ce ba ta kasuwa ba?

Na'urorin awon jini da aka yi alkawarin raba wa unguwanni ba a saya ba, na kuma ji ana ƙananan maganganu. Kuɗin da aka ware a farkon shekara, kafin a haɗa shi farashi ya gudu ya bar mu. Da kowa ya biya a kan kari, da tuni suna hannu. Shirin rediyo ma haka: mun je, an faɗa mana kuɗin fili, muka duba asusu muka dawo. Keken guragu biyu da suka lalace suna wurin mai walda, ya gama ɗaya, yana jiran cikon kuɗinsa.

Littafin ma'aji a buɗe yake ga mai son dubawa. Akwai waɗanda rabonsu da biyan kuɗin wata tun kafin Babbar Sallah, amma su ne farkon tambaya a WhatsApp, ina aka kwana. Katin wayar da nake kiran ku da shi daga aljihuna yake fita, ni ma ina da majinyaci a gida kamar kowa. Iyayenmu mata, waɗanda wasunsu da ƙullin ƙosai suke biya, ba da ku nake ba.

Waɗanda likita ya rubuta wa takardar komawa asibiti su zo da sakamakonsu taro mai zuwa. Masu bashi su zo da nasu, domin kwamiti ya amince a karanta sunaye.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya