Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni sunan murjanin tankinsa

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka nuna hoton murjani biyu masu rai da ke tankinka na ruwan gishiri, ka ce in raba gardama a gaban kowa: mai shago ya ce maka duka Acropora ne, wato wani jinsin murjani mai rassa, tunda duka kore ne, kai kuma hankalinka bai kwanta ba.

Kana da gaskiya. Launi ba shaida ba ne. Wanda yake kore shar yau zai iya komawa ruwan ƙasa cikin 'yan makonni idan haske ya ragu ko datti ya yi yawa a ruwa, domin 'yar gansakukar da ke zaune cikin namansa ta ƙaru. Shuɗiyar fitilar tanki kuwa kowa take yi wa kwalliya.

Kashe ta, ka kunna fara, ka kawo idonka dab da gilashi, ka dubi ƙarshen reshe. Acropora na da rami guda ɗaya a can tsini, kamar bakin bututu, sauran ƙanana suna zagaye da reshen. Na dama a hotonka yana da shi. Na hagu babu. Jikinsa duk ƙuraje ne, kowane ƙurji da 'yan ramuka a kansa. Pocillopora ke nan. Da rassan sirara ne masu tsini kamar ƙaya, ramukan a jere layi-layi, da na ce Seriatopora, wanda masu sana'ar ke kira sheƙar tsuntsu. Mai dunƙulallen kai kamar babban yatsa, Stylophora.

Masu dogon wuya kamar furanni sai an yi ƙidaya: yatsu 24 zagaye da kowane baki Goniopora ne, 12 kuwa Alveopora. Ni kaina na shekara ina kiran nawa da sunan da ba nasa ba, don ƙyuyar ƙirgawa.

Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya, na Bahar Rum, ba ya cikin wannan dangi ko kaɗan. Nasa yatsu 8 ne.

Yanzu ka ɗaga na daman zuwa sama, inda haske da igiyar ruwa suka fi ƙarfi, don Acropora ba ya jure sakaci. Na hagun yana da haƙuri, sai dai ka sa masa ido: wani irinsa kan saki 'ya'ya cikin tanki, ka wayi gari sun toho a jikin famfo da gilashi.

Wassalam.