Kejin kare da koya wa kwikwiyo inda zai yi bayan gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don in yi magana da magidantan da ke sayen kwikwiyo saboda gadi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake amfani da keji. Sai a sa mai walda ya haɗa na rodi da rufin kwano, a jefa kwikwiyo ciki tun safe har dare, wai don ya yi zafi. Ƙarshenta a samu kare mai firgita, wanda ya saba kwanciya cikin kashinsa, daga nan kuma koya masa tsabta ya zama jan aiki.

Amfanin keji ya rataya ne kan ɗabi'a guda: kare ba ya son ɓata makwancinsa. Don haka girman kejin ne farkon magana. Ya ishe shi ya tsaya kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya miƙe ƙafafu ya kwanta, shi ke nan. In ya fi haka faɗi, zai mayar da kusurwa ɗaya masai, ɗaya ɗakin barci. Wanda ya ƙera babba saboda gaba, sai ya raba shi da allon katako, yana matsar da allon yayin da kwikwiyon ke girma. A shimfiɗa katako da tsohon buhu, domin rodi na ji wa tafin ƙafa ciwo. A cire masa abin wuya kafin a rufe, kada ya maƙale ya shaƙe shi. Sannan inuwa da ruwan sha: a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kare kuwa da haki yake rage zafin jiki. Kejin kwano a tsakar rana na iya kashe shi.

Kwanakin farko a bar ƙofa a buɗe, a riƙa sa masa abinci a ciki har ya dinga shiga da kansa. Daga nan a rufe na minti 5, gobe 10, a yi ta ƙarawa. In yana kuka, a jira ya ɗan yi shiru kafin a buɗe, in ba haka ba zai gane cewa kuka ne mabuɗi. Kada a taɓa tura shi ciki da sunan horo.

Yanzu batun lokaci, inda mafi yawa ke kuskure. Ƙiyasin da aka saba shi ne awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa: ɗan wata 2 ba ya riƙe fitsari fiye da awa 2 zuwa 3 da rana, ɗan wata 4 kamar awa 4. Da dare ma ƙaramin yana bukatar fita sau ɗaya ko biyu. A zaɓi wuri guda mai ƙasa ko yashi, nesa da wurin alwala, rijiya da inda yara ke wasa. A kai shi can da igiya da zarar ya farka, bayan wasa, da cikin minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci. A tsaya shiru, a faɗi kalma ɗaya da ba ta canzawa, kamar "yi". Yana gamawa a yaba masa nan take, a ba shi ɗan tsinken nama. In an bari sai an koma gindin keji, ba zai san abin da aka ba shi ladan a kai ba. In minti 5 ya wuce bai yi komai ba, a mayar da shi keji, a sake gwadawa bayan minti 15. Abinci kuma a kan lokaci, sau 3 zuwa 4 a rana har wata 6, a ɗauke kwanon in ya gama. Wanda ke ci ko yaushe, kashinsa ma ba shi da lokaci. Maigadi da yaran gida duk su bi tsari ɗaya.

Zai yi ɓarna, ba makawa. Shinshinar ƙasa da zagaye wuri ɗaya alama ce, a ɗauke shi da sauri. In an tarar ya riga ya yi, duka ko goga masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai ɓuya, gobe ya yi a bayan janareta inda ba mai gani. A wanke wurin sosai da omo da ruwa mai yawa, domin ragowar wari ne ke sake kiransa. Yawancin karnuka kan daidaita tsakanin wata 4 zuwa 6, wasu su kai shekara.

Kwikwiyon da ya iya sannan ya koma ɓata kejinsa, a fara zargin ciwo: tsutsar ciki, sauya abinci lokaci guda, ko ciwon mafitsara. Zawo mai jini da amai kuwa na iya zama cutar fabo (parvo) mai kama hanjin karnuka, wadda ke kisa cikin 'yan kwanaki, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. Rigakafinta ana fara shi ne a mako 6 zuwa 8, na haukan kare kuma a wata 3.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi, Kaduna