Babbar Kotun Tarayya ba ta sama da Babbar Kotun Jiha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi magana kan wata gurguwar fahimta da ta zauna a zukatan jama'armu, wato ɗaukar da ake yi cewa Babbar Kotun Tarayya tana sama da Babbar Kotun Jiha. Na yi aikin magatakardar kotu har na yi ritaya, kuma har yau mutum kan sha kaye a kotun jiha ya zo ya ce mini, "Baba, zan kai ƙarata kotun tarayya." Sai in zaunar da shi in faɗa masa babu wannan hanyar. Matsayinsu ɗaya ne. Wanda bai gamsu da hukuncin ko wacce daga cikinsu ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara zai nufa, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja.

Hurumi ne ya raba su, wato irin shari'un da doka ta ba kowacce ikon saurara. An kafa kotun tarayyar a 1973, zamanin Gowon, domin shari'un haraji da kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sai a 1979 ta samu sunan da take da shi yanzu. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya jero abin da ke hannunta: kwastan, kamfanoni, jiragen sama da na ruwa, ma'adinai, shige da fice, miyagun ƙwayoyi, cin amanar ƙasa da makamantansu. Rikicin fili, bashi tsakanin mutum da mutum, sarautun gargajiya, duk na kotunan jiha ne.

Abin da ya faru a Kano a watan Mayun 2024 shi ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan majalisar jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, umarni kan rikicin sarautar Kano ya riƙa fitowa daga kotun tarayya, wani kuma mai cin karo da shi daga kotun jiha, a gari ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Ba na goyon bayan kowane ɓangare a wannan wasiƙa, kuma ina girmama gidan Dabo gaba ɗayansa. Damuwata ita ce ɗan sandan da aka miƙa wa takardu biyu, kowacce da hatimin kotu, da talakan da ya ga haka ya yanke cewa shari'a ta mai ƙarfi ce. Sai da Alƙalin Alƙalai na lokacin, Mai shari'a Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi masa bayani.

Kuma maganar ba sabuwa ba ce. Lokacin da gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur a 1986, kotun tarayya aka fara kai ƙara a matsayin tauye haƙƙin ɗan Adam. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce asalin rigimar sarauta ce, saboda haka ba hurumin kotun tarayya ba ne. A watan Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan sawu a shari'ar Kano. Duk lauyan da ya wuce makarantar koyon aikin lauya ya san shari'ar Muri. To me ya sa ake ci gaba da sa wa rikicin sarauta ko na jam'iyya rigar haƙƙin ɗan Adam a kai shi inda ake sa ran samun umarni cikin gaggawa, tun ba a ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba?

Na ga illar wannan da idona a wurin aiki. Ana ɓata shekaru ana gardamar wace kotu ce ke da hurumi, ba a ko taɓa ainihin ƙarar ba. Mai kuɗi zai iya jira. Marayun da aka cinye musu gona ba za su iya ba, domin ranar shari'arsu ake ɗagawa a ba manyan ƙararraki wuri.

Ina kira ga Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta hukunta duk alƙalin da ya karɓi ƙarar da ya san ba tasa ba ce, ƙungiyar lauyoyi kuma ta ladabtar da mai yawo da ƙara ɗaya kotu-kotu. Ku kuma 'yan jarida, idan za ku ba da labarin umarnin kotu, don Allah ku bayyana wace kotu ce, ku faɗa ko umarnin na wucin gadi ne ko hukuncin ƙarshe ne, ku kuma tambayi masana ko tana da hurumin bayar da shi.

Wassalam,
Tsohon magatakardar kotu,
Kano.