Rahoton Ayyukan Shekara: Koya wa Ɗaliban Likitanci Aiki Cikin Rashin Tabbas

'Yan uwa mambobi,

A bana ƙungiya ta karkata ƙarfinta ga ɗaliban da suka fara shiga ɗakunan jinya, don su iya yanke shawara tun cuta ba ta gama bayyana ba. Mun dogara da rabe-raben rashin tabbas da masaniyar zamantakewa Renée Fox ta yi a 1957: akwai abin da ɗalibi bai karanta ba, akwai wanda ilmin likitanci kansa bai kai gare shi ba, sai kuma wahalar bambance su. Na farko karatu ke maganinsa, na biyu kuwa har ƙwararre da shi yake aiki kullum.

Zaman tattaunawa ya fi komai amfani. Ɗalibai 6 zuwa 8 ne da malami ɗaya, ana sakar musu bayanin majinyaci kaɗan-kaɗan: kokensa, tarihin ciwon, duba jiki, sannan sakamakon awo. A kowane mataki kowa zai rubuta cututtuka uku da yake zargi, da kason yiwuwar da ya ba kowace. Dole a rubuta kafin a buɗe baki, domin da zarar mai ƙarfin murya ya ambaci cuta, sauran sai su bi shi.

Lissafin awo ya ba su wuya, shi ya sa muka daɗe a kansa. A ce awo na kama 90 cikin 100 na masu cuta, yana wanke 90 cikin 100 na lafiyayyu, cutar kuma tana jikin mutum 10 cikin 1,000. Zai kama 9 na gaskiya, ya kuma shafa wa lafiyayyu 99 cutar bisa kuskure. Ke nan cikin mutum 108 da awo ya nuna, kusan kashi 8 cikin 100 kawai ke da ita. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa yakan daina ɗaukar takardar awo a matsayin hukunci.

Sun kuma gwada yi wa majinyaci bayani: abin da aka fi zato, abin da ba a kawar ba tukuna, alamomin da za su sa ya dawo nan take, da ranar sake dubawa.

Kurakurai biyu ne suka yi ta maimaituwa. Wani ya riƙe cutar farko da ta zo masa ya daina nema, wani kuma tsoro ya sa ya jero awo barkatai. A ganinmu jarrabawa na da hannu, tunda amsa ɗaya tak take karɓa. Don haka muka gwada tsarin jarrabawa na malamin likitanci Bernard Charlin na Montreal, inda ake ƙara sabon bayani a tambayi ɗalibi ko ya ƙarfafa zarginsa ko ya raunana shi, daga -2 zuwa +2, a auna amsarsa da ta ayarin ƙwararru. Haɗa ayarin ne cikas, don ana bukatar likitoci 10 zuwa 20.

Baɗi za mu fara da horar da malamai su riƙa bayyana shakkunsu a gaban ɗalibai lokacin zagayen majinyata. Mai son shiga ayarin ƙwararrun ya sanar da sakatare.