Barka da Sallah daga Palermo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da ƙannena baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa muna cikin 'yantattun bayinSa, Ya maimaita mana. Ni lafiyata ƙalau, aiki kuma sai godiya.

Inna, duk sanda muka yi waya tambayarku ɗaya ce: me kake ci a can, kuma ka tabbata halal ne? A waya magana ba ta ƙarewa sai layi ya yanke. Shi ya sa yau na zauna in ba ku amsa a tsanake, Auta ta karanta muku.

Mun yi Idi da safe a Foro Italico, wani makeken fili mai ciyawa a bakin teku a nan Palermo, ƙasar Italiya. Akwai masallaci a tsakiyar gari, tsohuwar coci ce aka mayar da ita masallaci a 1990, amma ba zai ɗauki jama'ar Idi ba. 'Yan Bangaladash sun fi kowa yawa, sai mutanen Tunisiya da Maroko, sai mu 'yan Afirka ta Yamma. Na sa shaddar da kuka aiko mini. A nan ranar Sallah ranar aiki ce, amma maigidanmu ya ɗaga mini ƙafa ya ba ni yinin.

Kun san a kicin ɗin gidan abinci nake aiki: wanke-wanke, feraye dankali, gyaran kifi, yanka albasa. Kullum ina ganin faranti yana fita ta ƙofar da ke tsakaninmu da masu cin abinci, ya dawo mini ba komai a ciki. Sai muka yi shawara da abokaina biyu, ɗaya Bahaushen zangon Kumasi, ɗaya mutumin Damagaram, cewa yau mu ma za mu zauna a kan teburi a kawo mana.

Ba mu tsaya a manyan titunan da masu yawon buɗe ido ke cika ba, wato Via Maqueda da kewayen mahaɗar Quattro Canti. A can za ku ga yara a bakin ƙofa riƙe da takardar abinci mai hotuna suna kiran masu wucewa. Wanda ya daɗe a garin nan ya san inda 'yan gari ke ci ba a kiran kowa. Muka shiga lungunan unguwar Kalsa, muka sami wani ƙaramin gidan abinci na iyali, irin wanda suke kira trattoria, uwar tana girki, ɗanta yana kai abinci. Ƙarfe 1 na rana ake fara cin abincin rana, zuwa ƙarfe 3 an rufe kicin. Na dare kuwa ba a fara shi sosai sai ƙarfe 8. Wanda ya zo tsakanin nan sai dai ya nemi abin taɓawa a titi.

Da zarar ka zauna ka ci bashin abin da ake kira coperto, kuɗin zama da burodi, yawanci yuro 2 ko 3 a kan kowane mutum. Ruwan sha ma saye ake yi a kwalba, a tambaye ka mai gas kake so ko marar gas. Wannan har yau bai kwanta mini ba, don a ganina ruwan da za a ba baƙo bai kamata ya shiga lissafi ba. Sannan abincin ba a jibge shi gaba ɗaya. Ana fara kawo 'yan abubuwan buɗe baki, sai taliya, sai kifi ko nama da ganye a farantinsa daban, sai kayan zaƙi, a rufe da gahawa baƙa a ɗan mitsitsin kofi. Ba dole ba ne mutum ya ci duka.

Mun buɗe baki da panelle. Inna, da kun ɗanɗana za ku ce ƙosai ne aka yi shi fale-fale. Garin wani irin wake ne da suke kira ceci, a dama shi a wuta da ruwa da gishiri har ya yi kauri, a shimfiɗa ya huce, a yayyanka a soya, a matsa lemon tsami a kai. A kasuwar Ballarò ana cusa shi cikin burodi mai riɗi, shi ne abincin talakan garin nan. Aka haɗo mana da caponata, wato yalo soyayye da tumatir da albasa da 'ya'yan zaitun, ga tsami ga zaƙi, ana cinta da sanyi.

Sai abin da na fi so ku ji labarinsa, taliya da kifin sardin, wadda Palermo ke alfahari da ita. Taliyar doguwa ce mai rami a tsakiya. Ana tafasa wani ganyen daji mai ƙamshi da ake tsinkowa a kan duwatsu, a dafa taliyar a cikin ruwansa. A gefe guda a soya albasa da man zaitun, a zuba ɗanyen sardin da aka cire wa ƙaya, da zabibi, da 'ya'yan wata itaciya, da za'afaran wanda ke mayar da ita ruwan ɗorawa. A ƙarshe a barbaɗa garin burodi da aka soya har ya yi ja. Ni nake cire wa sardin ɗin nan ƙaya a wurin aikinmu, kwando guda kafin azahar, har yatsuna su yi tsami. Yau da aka ajiye ta a gabana tana turiri, na san yawan hannun da ta bi kafin ta iso, kuma ban bar ko tsinke a farantin ba. Abokina na Kumasi ya nemi a barbaɗa masa cuku, yaron ya girgiza kai ya ce ba a haɗa cuku da kifi. Da gaske suke wannan magana, kuma na ga gaskiyarsu, don cukun zai danne ƙamshin ganyen.

To, ga zancen halal. Nama ba na cinsa a gidajen abinci, sai wanda na saya da hannuna wajen mahautan Musulmi a Ballarò. A waje kifi nake ci. Amma haɗarin ba a naman da ido ke gani yake ba, yana cikin kitsen alade, wanda suke kira strutto. Suna iya sa shi a ƙullin burodi, da shi ake soya saifa da huhun saniya da ake sayarwa cikin burodi a titi, yana kuma shiga ɓawon cannoli, kayan zaƙin da kowane baƙo ke nema, wanda sau da yawa har giya ake zuba wa ƙullinsa. Dunƙulen shinkafar nan da ake soyawa, arancina, wata da naman alade a cikinta. Doka ta wajabta wa gidan abinci ya bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade da giya ba sa cikin lissafin. Don haka sai ka buɗe baki ka tambaya: akwai strutto? An sa giya? Ni ba na jin nauyin tambayar, su ma galibi ba sa jin haushi. Yau uwar da kanta ta fito tana goge hannu, ta ce da man zaitun ta yi komai, amma mu bar cannoli. Ta kawo mana daskararren ruwan lemon tsami a madadinsa. Na ji daɗin gaskiyar matar nan ƙwarai.

Baba, ga wani abu da na san zai ja hankalinku. Musulmi sun taɓa mulkin garin nan. Sun ƙetaro daga ƙasar da take Tunisiya a yau, suka ci Palermo a shekarar 831, ta zauna a hannunsu har Normawa, wasu Turawa Kiristoci, suka karɓe ta a 1072. Unguwar da muka ci abinci sarakunansu ne suka gina ta. A zamaninsu noman lemo da rake ya bunƙasa a tsibirin Sisili, inda Palermo take. Babbar cocin garin ma a wurin da babban masallacinsu yake aka gina ta, kuma a jikin wani ginshiƙi da ke bakin ƙofarta har yau akwai ayar Alƙur'ani a sassaƙe. Na tsaya na gan ta da idona, na tuna ku.

Abin da na yaba wa mutanen nan shi ne ba sa gaggawa a kan abinci. Mun kusa awa uku a zaune, ba wanda ya nuna mana alamar mu tashi, kuma ba a kawo takardar kuɗi sai ka nema. Kakanni da jikoki a teburi ɗaya, ana ci ana musu a kan wa ya fi iya girki. Kafin mu fita na leƙa kicin, na tarar da mai wanke-wanken yaro ne ɗan Gambiya, bai sami zuwa Idi ba. Muka yi masa barka da Sallah, muka haɗa masa ɗan goro.

Ƙanena, kai da ke ta maganar tahowa, hotunan da na tura ka kalle su da hankali. Kuɗin da muka kashe yau ya kai ladan yinina guda a tsaye gaban ruwan zafi, kuma sai wata Sallar idan da rai. Ka riƙe karatunka, za mu yi magana ni da kai.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya. A ba Goggo da Kawu nasu, a saya wa yara kayan zaƙi, sauran na cefanen Inna ne. Idan an sami mai tahowa, a aiko mini da kuka da daddawa da yaji, na wancan karon sun ƙare tun tsakiyar azumi. A gaida maƙwabta da Malam Liman, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku, daga Palermo.